P950 ko 7D Mark II da madubin 400mm: wanne za a tafi da shi kallon tsuntsaye?

Malam, tsakanin kyamarar Nikon P950 sabuwa da Canon 7D Mark II ta hannu mai dogon madubin (lens) 400mm f/5.6 da ka tambaya, ɗauki Canon ɗin. Ita nake riƙe da ita, kuma don tsuntsun da ke sama aka yi ta.

Tsohuwa ce, tun 2014 ta fito, madubin ma ya girme ta nesa ba kusa ba, na 1993 ne. Amma tana ɗaukar hoto 10 a daƙiƙa ɗaya, tana da ɗigon saiti (wuraren da take kama abin da ake ɗauka ya fito tangaram) 65, kuma idan ta kama tsuntsu ba ta sakinsa da wasa. Wata safiya a dausayin Hadejia-Nguru muna cikin kwalekwale, wani tsuntsu ya taso daga bayan kachala yana shawagi ƙasa-ƙasa. Mai tuƙa mu ya ce shirwa ce. Na ɗaga na bi shi har ya ɓace. Da muka duba hotunan, jelar ba ta da gibin nan na shirwa, kan da maƙogwaron ruwan madara ne, fukafukan kuma a ɗan ɗage suke sama. Irin shahon fadamar nan ne da ke zuwa daga Turai da rani, ta mace. Hoto ɗaya ba zai nuna wannan duka ba. A jerin ne ka samu wanda jela ta buɗe, da wanda ya juyo da ƙarƙashin fiffike, kuma nan ne ake gane tsuntsu mai tashi. Manhajar Merlin ta gane tsuntsaye ma sai ka ba ta hoto mai kyau take ba ka amsar kirki.

P950 kuwa, to, tana zuƙowa. Ninki 83, har daidai da 2000mm, nauyinta wajen kilo ɗaya, ba canza madubi. Idan zalɓe na tsaye a bakin ruwa ko ungulu na kan kuka, za ta kawo maka shi har gaban hanci. Na taɓa riƙe wata irinta ta wani kamfani, kafin ta gama laluben saiti balbela ta haye gona biyu. Matsalar irin waɗannan ke nan: abin ɗaukar hasken da ke cikinsu ƙarami ne ƙwarai, ga shi idan ka zuƙo sosai, gano tsuntsun a cikin allon ma aiki ne.

Akwai abin da masu tallan zuƙowa ba sa faɗa. Tsuntsayen nan masu ƙaura daga Nuwamba zuwa Fabrairu suke cika dausayin Dagona da Nguru, daidai lokacin hunturu. Duk nisan da ka zuƙo, hazon da ke tsakaninka da tsuntsun kake ɗauka. A abin ɗaukar hasken Canon, 400mm yana zama kamar 640mm, kuma ya isa in ka iya matsawa a hankali, rana na bayanka.

Aibin Canon ɗin ba na ɓoye maka. Da madubin ta haura kilo biyu, wuyanka zai gaya maka da yamma. Madubin ba shi da abin hana girgiza, amma tunda mai tashi sai ka sa saurin ɗauka a 1/2000 na daƙiƙa ko sama, ba za ka ji rashinsa ba sai da asuba ko cikin duhuwa kamar dajin Amurum na Jos. Ka ƙara haske mataki ɗaya idan sararin sama ne a bayan tsuntsun, in ba haka ba baƙin inuwa za ka kwaso. Kuma a hanya ka bar ta cikin jaka, dogon madubi a shingen jami'an tsaro tambayoyi yake jawowa.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayar da na hannu. Kowa cewa zai yi "ba ta yi aiki ba". An ƙiyasta ta jure ɗauka 200,000, don haka a haɗa ta da kwamfuta a gabanka ka ga adadin da ta yi. Haska madubin da tocila ta baya, in ka ga zare-zare kamar saƙar gizo, fumfuna ce, ajiye masa abinsa ko da ya rantse ƙura ce. Batir na jabu da katin ajiya na jabu sun cika kasuwa, wani katin an rubuta 128GB amma kwata ba ya ci. Wanda ya ce turo kuɗi a sa maka a mota, ka ce masa Allah ya kawo kasuwa.

Ka sayi batir biyu, sannan kafin tafiyar ka je bayan mahauta ka gwada hannunka a kan shirwa da hankaki.