Kwanon sukari da moɗar madara na fiyuta: yadda na gan su bayan na yi amfani da su

Saitin guda uku ne: kwanon sukari mai hannu biyu, 'yar moɗar madara mai baki, da ɗan tire da suke zama a kai. A wani shagon tsofaffin kaya na same su a Sheffield, kuma duka kuɗinsu bai kai fam 20 ba. A ƙasan kowanne an buga ENGLISH PEWTER da MADE IN ENGLAND da lambar samfur. Jikinsu duk sawun guduma ne ƙanana a jere, irin ƙirar da ta yi tashe a Ingila a shekarun 1920 da 1930. Tunda na sa su a tiren shayi, duk baƙuwar da ta zo sai ta ɗaga ta juya ta tambaye ni ko azurfa ce, shi ya sa na ga gara in rubuta abin da na gani game da su a wuri ɗaya.

Ba azurfa ba ce. Fiyuta, wato pewter da Turanci, gaurayen ƙarfe ne wanda kusan dukkansa kuza ce, sai a ƙara masa wasu ƙarafa kaɗan don ya yi ƙwari. Irin wanda aka fara haɗawa a Sheffield wajen 1770, wanda ake kira Britannia, kuza ce kusan kashi 92 cikin 100, wani ƙarfe da ake kira antimoni kusan kashi 6, jan ƙarfe kusan kashi 2. Da shi kamfanoni irin su James Dixon & Sons suka cika gidajen masu matsakaicin hali da butocin shayi, mutanen da ba su da kuɗin azurfa amma suna son teburinsu ya yi kyau. Wanda ya taso a Jos ko Bukuru ba baƙon wannan ƙarfe ba ne. A zamanin da aka ƙera saitina, ana ɗiban kuzar Filato a jirgin ƙasa zuwa bakin teku a kai ta Ingila a narka, kuma tun kafin zuwan Turawa maƙeranmu na Riruwai suna narka ta.

Launin saitin toka-toka ne mai laushi, ba ya ƙyalli ya kashe ido. Ni abin da ya ja ni ke nan. Azurfa tana son a yi ta goga, in an bar ta ta yi baƙi. Wannan kuwa a hankali yake dusashewa, kuma dusashewar ƙara masa kyau take yi. Masu tara tsofaffin kaya ma ba sa son a goge ta, don tana daga cikin abin da ke ɗaga darajarsa.

Kafin in zuba komai a ciki, maganar dalma na fara bi, kuma ita ce maganar da na fi so 'yan uwa su riƙe. Fiyutar da, ta ƙarnukan baya, ana haɗa ta da dalma, musamman mai araha. Sai a 1974 ne aka kafa ƙa'ida a Birtaniya da ta fitar da dalma daga cikin haɗin. Kayan da aka yi da haɗin Britannia akasari ba su da ita tun asali, amma wurin da aka like hannu ko ƙafa da jiki yana iya ƙunsar ta. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa yaran Zamfara a 2010 ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani. Akwai 'yan sandunan gwaji masu auduga a kai da ake sayarwa a shagunan kayan gini da kuma intanet. Ana goga wa ƙarfen, in akwai dalma sai launin audugar ya sauya. Na goga a ciki, a baki, da wuraren liki, bai nuna komai ba. Duk da haka ba na barin abin sha ya kwana a ciki. In kika ga tsohuwar fiyuta mai duhu sosai, mai ɗan shuɗi, mai nauyi fiye da girmanta, wadda in an goga ta a farar takarda take barin layi baƙi, ki ajiye ta a kabet don ado kawai.

Moɗar madarar ita ce ta fi burge ni wajen aiki, ita ce kuma ta fi ba ni dariya. Bakinta yana zuba madara siriri, ba ɗiga, ba gangarowa ta jiki, abin da wasu na tangaran masu tsada suka kasa. Hannunta yana zama daidai a yatsu biyu. In aka sa ta a firij na ɗan lokaci kafin a kawo shayi, tana riƙe sanyin madarar har a gama sha. Sai dai an yi ta ne don shayin Turawa, inda kowa ke ɗiga madara kaɗan don launin ruwan ya canza. Ƙaramin gwangwanin madara guda ya kusa cika ta. A gidan da ake haɗa shayi mai kauri, wanda cokali ke kusan tsayawa a ciki, mutum biyu ne za su ƙarar da ita, na uku ya zauna jiran a ƙaro. Madarar gwangwani kuma tana bushewa a bakinta ta yi ɓawo in ba a wanke da wuri ba; madarar shanu ta kwalba ba ta wannan.

Kwanon sukarin ba shi da murfi. Haka ake yin da yawa daga cikinsu, domin sukari mai ƙwaya ake sawa a ɗauka da ɗan hantsaki. A nan Ingila ba matsala, sai dai sukarin gari yana dunƙulewa saboda laima in ya daɗe a buɗe. A Kano kuwa, kwanon sukari ba murfi gayyatar kiyashi ce kai tsaye. Duk mai niyyar kai irinsa gida, ta nemi mai murfi, ko ta riƙa zuba iya wanda za a sha a juye sauran. Na gwada shi da dabino da kuma alawa lokacin salla, ya yi kyau ƙwarai, wataƙila ma ya fi dacewa da wannan aikin.

Tiren ba abin yabo ba ne. Siriri ne, ya ɗan lanƙwashe a gefe guda tun kafin ya zo hannuna, yana rawa a kan tebur.

Laushin ƙarfen shi ne babban aibinsa. Moɗar ta taɓa zamewa ta bugi bakin wurin wanke-wanke, nan take ta samu ɗan lotsawa a gindi. Sawun gudumar da ke jikinta ya ɓoye tabon, wannan ma dalili ne na zaɓar irin wannan ƙira a kan mai santsi a gidan da ke da yara. Wuta kuma ba ya shiri da ita ko kaɗan: kuza tana narkewa a digiri 232 na ma'aunin Celsius, don haka ba a ɗora shi a kan gas ko gawayi ko a sa shi a obin, ko da butar shayi ce ta fiyuta. A tafasa ruwa a wani abu, a juye a ciki. Ba a sa shi a injin wanke kwanuka, ba a kusantar da soson ƙarfe ko toka. Ruwan ɗumi, sabulu kaɗan, soso mai laushi, a goge da tsumma nan take kafin ruwan ya bar tabo. Abu mai tsami, irin lemon tsami, zoɓo ko tsamiya, yana cin jikinsa in ya daɗe, yana barin ɗigo-ɗigon da ba sa fita.

Wajen saye, a juya a karanta ƙasan. In an ga EPBM, Britannia ce aka shafa wa azurfa da lantarki, kuma shafen yakan goge ya bar dabbare-dabbare marasa kyan gani. In an ga TUDRIC, wannan na kantin Liberty na Landan ne, da aka fara fitarwa a farkon shekarun 1900, wasu da zanen Archibald Knox, kuma kuɗinsu ya ninka na saitina sau da yawa. Ba kayan da za a ba yara su kai falo ba ne. Wadda ke son kamannin fiyuta ba tare da fargabar dalma ba, akwai sababbi, kamar na Royal Selangor na Malesiya da ke wannan sana'a tun 1885, sai dai da tsada.

Ni dai a kuɗin da na biya ban yi asara ba. Moɗar tana fitowa duk lokacin da baƙi ba su wuce biyu ko uku ba, kwanon ya koma na dabino, tiren kuma na sa wani na katako a madadinsa. In taro ya yi yawa, babban jug ɗina na gilashi nake ɗaukowa.