Hattara da mai tallar boris ɗin siramik ga masu haɗa ƙananan injuna a Jos

Assalamu alaikum. Wannan jan kunne ne ga ɗalibai da malaman koyar da sana'a da duk mai haɗa ƙaramin inji a nan Jos, musamman masu yin injin Stirling, wato injin da ke juyawa da bambancin zafi da sanyi, don aikin kammala karatu. Akwai wani mutum da ke bin zaurukan WhatsApp na ɗalibai yana tallar ƙananan boris, wato zoben nan mai ƙananan 'ya'ya a ciki da ke sa sanda juyawa cikin sauƙi, wai na siramik ne (wani abu mai tauri dangin tangaran) daga Japan. Kama sunansa ba zai amfane ku ba, don suna da lambar waya canza su yake yi. Salonsa ne ɗaya tak, shi zan faɗa muku.

Ya san inda ke yi wa yaranmu ƙaiƙayi. Injin nan da Robert Stirling ya ƙirƙiro a 1816, irin ƙaraminsa da ake ɗorawa a kan kofin ruwan zafi ƙarfinsa bai taka kara ya karya ba. Fulawil, wato faifan da ke riƙe juyi, in ya gamu da ɗan tirjiya a boris sai ya yi zagaye biyu ya tsaya cak. Yaro ya gama haɗa komai, ranar kare aiki ta matso, inji ya ƙi tashi. A wannan hali ne bidiyon mutumin ke iso masa: boris a kan yatsa, an kaɗa shi, yana ta juyawa ba ƙaƙƙautawa, an kuma ɗora kiɗa a sama. A ƙasa an rubuta siramik, ABEC 11 (wai matakin ingancinsa ke nan), saura kaɗan ya ƙare. Kuɗi gaba ɗaya ake turawa, kaya kuma a je tasha a karɓa hannun direba.

Wani ɗalibi daga Unguwar Rogo ya kawo mini nasa guda biyu cikin 'yar leda, babu kwali babu tambarin kamfani. Na sa tsinin allura na ɓalle murfin gefe. 'Ya'yan ciki ƙarfe ne zalla, ɗaya har da ɗigon tsatsa. Hanyar da suke bi a jikin zoben ta cinye ta yi layi, in ka juya shi a hankali tsakanin yatsu kana jin ƙaras-ƙaras kamar da yashi a ciki. Tsohon boris ne aka ciro daga kayan bola, aka wanke da fetur, aka goge ya yi ƙyalli.

Abin da ya sa bidiyon ke ruɗar mutane shi ne, duk boris ɗin da aka wanke wa giris, in babu nauyi a kansa, zai daɗe yana juyawa. Wanda ya cinye ma yakan fi sabo daɗewa, tunda ya saki. Kiɗan kuwa don ya rufe ƙarar da yake yi ne. Ka ce ya turo maka bidiyon ba kiɗa, ka ga yadda zance zai sauya.

ABEC 11 kuma babu shi. Matakan da aka sani su ne 1 da 3 da 5 da 7 da 9, ma'auni ne na masu ƙera boris a Amurka, kuma abin da yake aunawa shi ne daidaiton girma da zagaye. Bai ce komai ba a kan giris ɗin da ke ciki ko irin murfin da aka sa, alhali su ne ke kashe ƙaramin inji. Siramik na gaskiya da ido ake gane shi. 'Ya'yan ko dai farare ne tas, ko baƙaƙe masu ratsin toka, kuma maganaɗisu ba ya kama su. Sai dai a lura, akwai mai gauraye, zobensa ƙarfe 'ya'yansa siramik, wannan maganaɗisu zai kama zoben, don haka a buɗe murfi a dubi launin 'ya'yan.

Abin takaicin, injin naka bai ma buƙatar siramik. Boris na ƙarfe mai lafiya ya wadatar, in dai girmansa ya dace da sandar fulawil. Boris mai lamba MR63 raminsa milimita 3 ne, faɗinsa 6. Mai lamba 623 shi ma rami 3, faɗi 10. Shi kuwa 608, mai rami 8 da faɗi 22, ya yi wa irin wannan inji girma. A guji mai 2RS a ƙarshen lamba, murfinsa na roba ne yana gugar zoben ciki. A nemi buɗaɗɗe ko mai ZZ, wanda murfinsa na ƙarfe ne ba ya taɓa komai. Ni na fi son ZZ saboda ƙurar hunturu. Giris ɗin kamfani a jiƙa shi a fetur ko kananzir ya fita, a bari ya bushe, a ɗiga man keken ɗinki ɗigo ɗaya kawai. Wanda ya san sanyin Jos a Disamba da Janairu ya san yadda giris ke daskarewa da safe, injin da ya tashi jiya da rana ya ƙi motsi. Masu gyaran kwamfuta ma ba a rasa tsofaffin fankar kwamfuta da ma'ajiyar bayananta (hard disk) a wurinsu, kuma wasunsu na ɗauke da ƙananan boris masu kyau ƙwarai.

Kafin ka ɗora wa boris laifi, cire sandunan da ke haɗe da fulawil ka bar shi shi kaɗai. In komai lafiya, ɓangaren da ya fi nauyi zai gangaro ƙasa da kansa, ya yi lilo kafin ya tsaya. In ya maƙale a inda ka bar shi, duba ko boris biyun ba su kan layi ɗaya, ko an danna su da guduma lokacin sawa.

Damfarar ba ta ƙare da zuwan kaya ba. Da ɗalibin nan na Unguwar Rogo ya koka, sai mutumin ya ce ai shi ya ɓata su, amma akwai wani mai na musamman da zai gyara, a ƙaro kuɗi. Da ya nemi a mayar masa da kuɗinsa, aka toshe lambarsa. Bayan ɗan lokaci bidiyon nan dai ya ɓullo a wani zauren da sabon suna.

Wanda ya riga ya tura kuɗi ya adana shaidar biya da hotunan hirarsu da lambar asusun, ya garzaya bankinsa ya shigar da ƙorafi, ya sanar da 'yan sanda, yana kuma iya kai kuka hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC. Masu kula da zauruka, don Allah ku cire tallar in kun gan ta. Wanda bai saya ba tukuna ya ɗauki sandar fulawil ɗinsa da ɗan maganaɗisu ya shiga shagunan kayan gyara da ƙafarsa, ya zura boris ɗin ya juya ya ji da hannunsa kafin ya biya.