Tsara birane ko makamashin rana: wanne za ka koyar a jami'a?

Idan ka shiga sashen tsara birane na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, aikinka nazarin magudanan ruwa ne, da tituna, da yadda za a yanka filaye iska ta riƙa ratsa unguwa. Wahalarsa ita ce jira: sai gwamnati ta karɓi shawararka, kuma hakan kan ɗauki shekaru.

A Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo, Sakkwato, kuwa, abin da ka ƙera kana ganin amfaninsa nan take, kamar na'urar busar da tumatir da zafin rana.

Ni dai na fi karkata ga tsara birane. Unguwanninmu na cunkushewa, ambaliya na cin gidaje duk damina, kuma masu wannan ilimin sun yi mana kaɗan.