Wata shida da saka shagona a Google: abin da kuɗina suka saya

Shagonmu yana cikin birnin Zariya, ba nisa idan ka shigo ta Ƙofar Doka. Ɗinkin hannu muke yi, manyan riguna masu aska biyu da aska takwas, da huluna. Sana'ar gado ce. Marigayi mahaifina bai taɓa fita neman mai saye ba, dillalai ne ke zuwa su kwasa su kai Kano da Legas. Da shagon ya dawo hannuna sai na tarar dillalan sun ja baya, masu aikin kwamfuta kuma suna gama wuyan riga kafin yaranmu su gama zare guda.

Ɗan ƙanwata da ke karatu a Jami'ar Ahmadu Bello ne ya ta da maganar. Ya ɗauko waya ya nemi masu irin aikinmu a Google, sai ga shagunan Kaduna da Abuja jere, mu ko ƙeyarmu ba a gani. Ya ce, "Kawu, wanda ba ya nan ciki kamar ya rufe shago ne." Shi ya haɗa ni da wani matashi mai ofis a wajen unguwar PZ a nan Zariya da ke aikin da suke kira SEO, wato gyara bayanan kasuwanci yadda zai riƙa fitowa a sama idan an yi bincike. Ba zan ambaci sunansa ba, don akwai yabo akwai kuka.

Da farko ya buɗe mana shafi a Google Business Profile, inda mai shago ke sa bayanansa don su fito a bincike da taswirar Google, wanda har zuwa ƙarshen 2021 ake kira Google My Business. Sai daga baya na san buɗe shi kyauta ne, amma ban ji haushi ba, domin wahalar ba a buɗewar take ba. An nemi mu tabbatar shagon yana nan da gaske ta hanyar bidiyo, a nuna titi da allon suna da cikin shago. To, mu ba mu da allo. Shekara da shekaru sunan gidanmu ne allonmu. Dole na sa aka rubuta ɗaya. Ga batun adireshi: wanda ya san lungunan birni ya san kwatance ake yi da masallaci da bishiyar rimi, ba da lamba ba. Matashin nan ya zo har sau biyu a kan babur yana daidaita alamar taswira sai da ta zauna a ƙofar shago daidai. A nan ya ci kuɗinsa.

Inda ya fi burge ni shi ne kalmomi. Ni "babbar riga" na sani. Ya nuna min cewa mutumin Legas da ke neman kayana "agbada" yake rubutawa, wani kuma "kaftan". Na ɗan ji wani iri a raina, rigar Zazzau da sunan aro, amma mai nema da bakinsa yake nema. Muka sa sunayen duka a bayanin shago da ɗan shafin da ya gina mana, tare da hotunan aikin allura na kusa-kusa.

Sai kukan. Tun ranar farko ya ce, "Alhaji, sati biyu za ka zama na ɗaya." Bayan sati uku ya zo shago ya nuna min a wayarsa, ga ni a sama. Na yi murna har na ƙara masa na mai. Da yamma ɗan ƙanwata ya gwada daga Samaru, can wajen jami'arsu nesa da birni, sai ya same ni can ƙasa. Ashe Google da kansa ya bayyana abubuwa uku da yake dubawa a binciken kusa: dacewar shago da abin da aka nema, nisansa da mai neman, da kuma shahararsa. Wanda ke tsaye a cikin shagonka yakan fi ganin ka a sama. Kuma ba a sayen wannan matsayi da kuɗi. Masu biya talla suke yi, ana kuma sa mata alama.

Ya kuma kawo shawarar a tara abokansa su rubuta yabo su ba da taurari biyar-biyar. Na ce masa wannan shaidar zur ce, ko da dokar Google ba ta hana ba, balle ta hana kuma ana goge irinsu. Masu sayenmu na gaskiya na riƙa roƙo, a hankali suka taru.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne da imel ɗinsa ya yi rajistar shafin. Da na so canja lokacin buɗewa a watan azumi, sai na ga ba ni da iko da shagona. Sai da muka yi kusan wata ina bin sa kafin ya mayar da mallakar gare ni. Duk wanda zai ba da irin wannan aiki, ya buɗe da imel ɗinsa, ya sa mai aikin a matsayin manaja kawai.

Ciniki fa? Ya motsa, ba kamar yadda aka yi min alkawari ba. Gabanin Babbar Sallah na samu kira daga mutanen da ban taɓa gani ba, har da wani da ya ratso daga hanyar Kaduna zuwa Kano ya bi taswira har ƙofa, ya ba da aikin riga biyu na ɗaurin aure. Kuɗin wata-wata da matashin ya nema don "kula da shafi" kuwa na daina biya tun wata na uku. Yanzu ni nake sa hoto duk ranar Asabar, ɗan ƙanwata kuma yana taya ni amsa masu rubuto da Turanci.