Sabon ciwon baya: hannun wa za ka biya?

Ka sunkuya ɗaukar jarkar ruwa, ƙugu ya riƙe, tun ranar ruku'u ya koma aiki. Kafin ka taɓa aljihu ka sani, galibin irin wannan ciwo yakan lafa da kansa cikin mako shida, in dai mutum bai lafe a gado ba. Sauƙin 'yan makonnin nan kawai kake saye, sai ka yi ciniki daidai da haka.

Ostiyofat mai gyaran jiki ne da hannu, sana'ar da Andrew Taylor Still ya faro a Amurka a 1874. Zai kwantar da kai a gefe, ya murza naman ƙugu, ya miƙar da ƙafa, wani lokacin ya danna har gaɓa ta ce ƙas. Mutane na son wannan ƙara, suna zaton ƙashi ne ya koma mazauninsa, alhali iska ce a cikin ruwan gaɓa. Ana samun sauƙi, ana kuma tashi da tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu. A Ingila sai mai rajista da General Osteopathic Council, hukumar da ke kula da sana'ar, ke amsa sunan, kuma yawanci daga aljihunka za ka biya. A Kano ko Zinder kuwa, kafin ka samo na gaske ka sha yawo. Duk wanda ya ce ka biya kuɗin zuwa goma tun bai taɓa ka ba, ɗauki takalmanka.

Ni dai fisiyo zan fara nema, wato ma'aikacin lafiya mai jinya ta hanyar motsa jiki, irin na Asibitin Ƙashi na Dala. Shi ma yana aiki da hannu, amma zai sallame ka da motsa jikin da za ka riƙa yi a tabarmarka. Ko hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, a ƙa'idarta ta 2016, cewa ta yi tausa da danna gaɓa su tafi tare da motsa jiki, kuma ba kowa ke buƙatar hoton baya ba.

Maɗori gwanin karaya ne, nan kuwa ba abin da ya karye. Ibuprofen na kemis yana taimakawa, amma mai olsa ko ciwon ƙoda ya tambayi likita tukuna.

In fitsari ya ƙi fita ko ya ƙwace maka, ƙafa ta rasa ƙarfi, tsakanin cinyoyi ya mutu, ko kana rama da zazzaɓi da gumin dare, kada kowa ya danna maka baya. Tarin fuka ma yakan ci ƙashin baya. Wannan na likita ne, yau ɗin nan.