Na ɗaura wa tsohuwar Fijo 504 ɗina kafireto Weber guda biyu

Wata uku kenan da na ɗaura Weber 40 DCOE guda biyu a Fijo 504 da na gada wajen baffana, haɗin Kaduna ce, injin nan mai 1971cc da ya zo da kafireto Solex ƙwaya ɗaya. Tun ina yaro nake jin labarin yadda 504 ta ci gasar Safari a Kenya a 1975, Ove Andersson ne ya tuƙa ta, shi ya sa na ce bari in ɗan ɗanɗana irin kayan tseren wancan zamanin.

Shi DCOE asalinsa ɗan Bologna ne a Italiya, a kwance ake ɗaura shi a gefen inji, kowanne baki biyu gare shi, kenan in ka sa biyu kowace silinda da bakinta ba ta rabon iska da kowa. Amma fa ba ɗauka ka ɗaura ba ne, tof silinda na mai Solex ba zai karɓa ba, sai da muka sha yawo a Panteka kafin muka samo tof silinda na wani samfurin 504 da ake kira TI, mai ramin shigar iska huɗu.

Ƙarar kam Allah ya yi ta. In ka taka totur ji za ka yi kamar injin yana zuƙar iska da haushi, a hanyar Zariya giya uku kawai na saka motar ta miƙe kamar ba ita ba, har wani direban tirela ya leƙo yana ɗaga min hannu.

Wahalar a saiti take. Bakaniken farko da na kai wa da kunne ya yi ta daidaita su yana cewa "oga ai ya zauna", sati guda ina fama, sulo ba ya tsayawa, filogi biyu baƙi ƙirin biyu fari fat. Sai wani dattijo da ya yi zamani da Fijo ya sa tiyo a kunne yana saurarar bakin ɗaya bayan ɗaya, ya canza jet, wato 'yan ƙananan bututun da ke auna man da ke shiga, ya rage ƙarfin famfon mai, shi kenan ta nutsu.

Mai kuwa tana sha ba wasa in ƙafarka na da nauyi, ni dai ranar Asabar kawai nake fito da ita. Kuma kar ka yarda ka bar bakunan a buɗe don gayu irin na hotunan Turai, ƙurar hunturunmu za ta cinye maka ringi, ka sa musu matatar iska mai kyau tun ranar farko.