Sharhi kan yawon ɗaukar hoto na safe a Cobh: lokacin da suka zaɓa ya ɓata aikin

Duk mai shirin biyan kuɗin yawon ɗaukar hoto a garin Cobh na ƙasar Ailan, ya fara tambayar ƙarfe nawa za a tsaya a Spy Hill, titin kan tudu da ake tsayawa a ɗauki shahararren hoton garin. Idan aka ce masa tara ko goma na safe, ya riƙe kuɗinsa. Ni na biya, kuma har yanzu abin yana ci mini rai.

Hoton da kowa ke zuwa nema ɗaya ne: gidajen nan 23 masu launi na West View, waɗanda ake kira Deck of Cards, suna gangarowa kan tudu, majami'ar St Colman a bayansu da hasumiyarta mai tsawon mita 91, can ƙasa kuma ruwan tashar Cork. Fuskar gidajen yamma take kallo. Babbar ƙofar majami'ar da zagayayyar tagar da ke samanta su ma yamma. Mai tsayawa a Spy Hill kuwa gabas ya fuskanta, wato da safe rana tana bayan ginin, tana dukan gilashin kyamara kai tsaye. Ka auna haske a kan gidajen, sama ta ƙone ta yi fari fat. Ka auna a kan sama, gidajen su yi duhu, ja da shuɗi da rawaya duk su dushe. Sassaƙar da ke jikin dutsen majami'ar, wadda sai haske ya zo mata ta gefe take fitowa, ta nutse cikin inuwa.

Maganin da jagoran yawon ya bayar shi ne a ɗauki hoto uku-uku, ɗaya a -2, ɗaya a 0, ɗaya a +2, wato mai duhu da madaidaici da mai haske, a haɗa a kwamfuta. Wannan yana ceto sama, gaskiya ne, amma ba ya dawo da launin bangon da rana ba ta taɓa ba. Kuma haɗawar tana son kyamara ta tsaya cak, abin da ba ya yiwuwa a wurin. Akwai doguwar katanga a bakin titin, sai mutum ya ɗaga kyamara sama da kansa kafin ya ga gidajen. Saƙon da masu shirya yawon suka aiko kafin tafiya cewa ya yi a zo da ƙafar kyamara da gilashi mafi faɗi. Ƙafar kyamara irin ta tafiye-tafiye ba ta kai bakin katangar, titin matsattse ne, ga motoci. Gilashin milimita 16 kuma yana tura majami'ar nesa ta koma ƙarama. Abin da ke aiki a wurin shi ne milimita 35 zuwa 50, kyamara mai allon da ke lanƙwasowa ƙasa, f/8 (girman ƙofar da haske ke shiga gilashi), ISO 400 (ƙarfin karɓar hasken kyamara), saurin ɗauka kada ya gaza 1/250 na daƙiƙa saboda hannu yana rawa idan an miƙe shi sama, sannan a naɗe igiyar kyamara a wuyan hannu. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a saƙonsu.

Da aka shiga cikin majami'ar kam, dole in yaba wa jagoran. Ya san ginin sosai. Ya bayyana cewa a 1868 aka fara aikin bisa zanen Pugin da Ashlin, ba a keɓe majami'ar ba sai 1919, shi ya sa ado ya yi yawa haka a bango da ginshiƙai. Ya kauce wa lokacin ibada, ya hana kunna fitilar kyamara, ya nuna a tsaya daidai tsakiyar hanya daga bakin ƙofa domin ginshiƙan dama da hagu su yi daidai. Shawararsa ta ISO 1600 zuwa 3200, f/4 da 1/60, tare da jingina kafaɗa da ginshiƙi, ta fitar da hotuna masu tsabta. Ga tagogi masu launi ya ce a rage haske da mataki ɗaya, in ba haka ba gilashin ya wanke. A waje ma ya gyara kuskuren da ke sa gini ya yi kamar zai faɗi ta baya: kada a ɗaga bakin kyamara, a ja da baya, a riƙe ta a miƙe, a bar fili a gefe don gyara daga baya. A nan na fara jin kuɗin ba su tafi a banza ba.

To amma ko a cikin, safiyar ce ta sake cin mu. Zagayayyar tagar nan ta yamma, wadda ta fi komai kyau idan an juyo daga gaban bagadi, sai rana ta karkata take kamawa. Da safe launinta a mace yake. Ga shi kuma Cobh mashigar manyan jiragen yawon buɗe ido ce, ita ce ma tashar ƙarshe da Titanic ya tsaya a 1912, don haka ranar da jirgi ya sauka, kafin hantsi mutane sun cika gangaren. Jadawalin zuwan jiragen ba ɓoyayye ba ne. Wanda ke karɓar kuɗin masu kyamara ya kamata ya duba shi. Na nemi a mayar da yawon yamma, aka ce tsarinsu na safe ne kawai.

Wanda bai saba ɗaukar cikin gini mai duhu ba zai ƙaru da rabin yawon. Mai neman hoton Spy Hill kuwa ya hau jirgin ƙasa daga tashar Kent a Cork, tafiyar kusan minti 25 ce, ya isa wurin daga ƙarfe huɗu na yamma idan bazara ce, tunda a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan tara da rabi na dare. A Disamba kuwa kafin huɗu da rabi ta faɗi, sai a kasance a bakin katangar tun ƙarfe biyu.